Agafay ko Merzuga: Wanne Ya Dace da Walimar Ƙarshen Mako a Hamadar Maroko

Assalamu alaikum Hajiya. Allah ya sanya alheri a auren nan na ɗiyarki, ya kai mu lokacin da rai da lafiya. A cikin wurare biyu na ƙasar Maroko da aka kawo miki, Agafay da Merzuga, shawarata ita ce ki ɗauki Agafay, kuma ko a can ɗin ki nemi otal mai ginannun ɗakuna, kada ki yarda da sansanin da tantuna ne zalla. Na san hotunan Merzuga sun fi ɗaukar ido, to amma bikin da za a fara ranar Juma'a a watse ranar Lahadi, ga tsofaffi ga ƙananan yara a cikin tawaga, nisan hanya ne abin da ya kamata a fara dubawa kafin a zo kan kyan wuri.

Agafay tana kudu maso yammacin birnin Marakesh, tazarar da ba ta wuce kilomita 30 zuwa 40 ba, kuma daga filin jirgin saman Menara mota ba ta cika awa guda ba ta isa yawancin otal-otal ɗin da ke wurin. Merzuga kuwa tana can kusa da iyakar Aljeriya, kimanin kilomita 550 daga Marakesh, kuma hanyar sai ta hau duwatsun Atlas ta mashigar Tizi n'Tishka, wadda tsayinta ya haura mita 2,200, da kwana iri-iri masu juya cikin wanda bai saba ba, sannan ta gangara Warzazat ta miƙe gabas. Direban da bai tsaya wasa ba yakan yi awa 9 zuwa 10, shi ya sa masu kai 'yan yawon buɗe ido suke sayar da tafiyar a matsayin ta kwana uku zuwa da dawowa. Daga Fas ma ba a kasa awa 7 a mota. Akwai filin jirgi a Errashidiya, amma jiragen da ke sauka can ba su da yawa, kuma bayan an sauka akwai sauran tafiyar kusan awa biyu. Ki haɗa wannan da cewa baƙin da suka taso daga Legas, Abuja ko Yamai a Kasablanka suke fara sauka, daga nan su canja jirgi ko su hau jirgin ƙasa na kusan awa uku zuwa Marakesh. Wanda ya zaɓi Merzuga ya ba hanya Juma'arsa da Lahadinsa, ya rage masa Asabar guda, ita ma da ciwon baya zai wuni.

A Agafay aka yi walimar ƙanwata, cikin watan Oktoba, kuma har yau idan dangi suka haɗu sai an tayar da zancenta. Baƙi sun kwana Marakesh daren Alhamis. Ranar Juma'a maza suka yi salla a masallacin Kutubiyya, wanda hasumiyarsa take tsaye tun ƙarni na 12, suka ci kuskus a cikin gari kamar yadda mutanen ƙasar suke yi duk Juma'a, kuma kafin la'asar kowa ya sauke kayansa a otal. Da yamma aka sa amarya a lalle. Mai zanen lallen daga cikin birni ta zo, da 'yar sirinjinta marar allura wadda take matso ƙunshin da ita, ta gama da amarya ta bi ƙawaye da gwaggwanni, sannan ta koma gidanta a daren. Haka mai kwalliya, haka mai furanni, haka mai gyaran lasifika, duk wanda aka buƙata yana iya zuwa ya koma ba tare da an kama masa ɗaki ba. Safiyar Asabar ba mu tsara komai ba da gangan. Tsofaffi suka zauna a inuwa a kan darduma ana zuba musu shayin na'ana'a, mai zubawar yana ɗaga butar sama har kumfa ta taru a bakin kofi, yara suka hau raƙuma, masu barci suka yi barcinsu. Wajen azahar aka lura cewa wata gwaggonmu mai ciwon sukari ta baro maganinta a masaukin cikin gari. Direba ya tafi ya ɗauko, ya biya kantin magani ya ƙaro abin gwaji, ya dawo tun ba a fara jera kujeru ba, kuma yawancin baƙi ba su ma san an yi ba. A ganina wannan ne ma'anar biki cikin natsuwa, wato idan abu ya ɓaci a iya gyara shi kafin hankali ya tashi. Marakesh na da babban asibitin koyarwa da asibitoci masu zaman kansu, kuma mai ɗauke da iyaye bai kamata ya raina wannan ba.

Abincin daren Asabar ɗin rago ne gasasshe sukutum, wanda suke kira mishwi, an gasa shi a tanderun ƙasa har naman yana saɓulewa daga ƙashi da yatsa, aka ajiye gishiri da garin kamun, wani kayan ƙamshin girki, a gefe. Sai dai ki sani girkinsu ba shi da yaji irin wanda bakinmu ya saba da shi, kuma suna son haɗa zaƙi da nama, kamar tajin, wato naman rago da ake dafawa a tukunyar ƙasa da busassun 'ya'yan itace da almon. Matasa sun so shi, dattawa kuwa sun ture zaƙin gefe. Abin da ya cece mu shi ne yajin da mahaifiyarmu ta daka ta zo da shi daga gida, aka zuba a 'yan kwanoni a kowane tebur. Ki yi haka, kuma ki nemi a dafa farar shinkafa da miya mai sauƙi saboda wanda cikinsa ba ya karɓar baƙon abinci. Bayan isha makaɗan Ginawa suka zo da garayarsu mai tsirkiya uku da ƙarafan da suke kaɗawa a hannu, masu kama da sambanin da matan Kano suke kaɗawa a Maulidi. Kakannin waɗannan makaɗa daga kudancin Sahara aka kai su Maroko, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sanya kiɗan nasu cikin kayan gadon al'adun duniya.

Ba zan ɓoye miki aibin Agafay ba. Babu tuddan rairayi a wurin. Hamada ce ta tsakuwa da ƙananan tuddai masu launin ƙasa, da duwatsun Atlas a can nesa, waɗanda ƙanƙara take rufe kawunansu a lokacin sanyi. Ga biki wannan ma yana da amfani, domin kujera tana zama daram, takalmi mai tsini ba ya nutsewa idan an shimfiɗa darduma, yashi kuma ba ya shiga leshi da abinci. Babbar damuwar ita ce kusancin da na yaba shi ne yake jawo taro. Kowace yamma motoci na kwaso 'yan yawon buɗe ido daga Marakesh su zo kallon faɗuwar rana, ga masu tseren babura masu ƙafa huɗu da ƙararsu da ƙurarsu, ga sansanonin da ke sakin kiɗa har tsakar dare, kuma da yawa daga cikin wuraren suna sayar da giya. Saboda haka idan adadin baƙinku zai iya cika wurin, ki kama otal ɗin gaba ɗaya na dare biyu, a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a karɓi baƙin wuni ba kuma za a rufe mashaya. Ki tambayi nisan da ke tsakaninsu da maƙwabtansu. Ki tambayi daga ina ruwansu yake zuwa, domin wuri ne mai ƙarancin ruwa, kuma taron da kowa zai yi alwala sau biyar a rana ya fi shan ruwa a kan taron Turawan da suka saba lissafi da shi. Ki tambayi ko akwai janareta bayan wutar sola, a keɓe wurin salla na maza da na mata, a tanadi butoci. Dalilin da ya sa na ce ginannen ɗaki shi ne tanti ba ya tare sauti, yana zafi da rana yana sanyi da asuba, kuma tsohuwa ba za ta ji daɗin taka tsakuwa cikin duhu ba. A bar wa samari da 'yan mata tantunan.

Merzuga kuwa na taɓa biyan kuɗi na je, kuma ban ga abin da zai sake mayar da ni da tawaga ba. Gaskiya ne tuddan rairayinta, da ake kira Erg Shebbi, tsayinsu yana kai mita 150, launinsu da hantsi da almuru babu kamarsa a Agafay, kuma ƙauyen Khamliya da ke kusa ya shahara da kiɗan Ginawa. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Kuɗin ɗakinta yakan zo da sauƙi a takarda, amma da zarar an sa kuɗin motoci, da kwanan hanya zuwa da dawowa, da ɗauko masu kwalliya da kayan ado daga nesa a ciyar da su a kwanar da su, sai sauƙin ya gudu. Idan ango da amarya suna son hoton rairayi, su tafi su biyu bayan an sallami jama'a.

Game da lokaci, ki guji Yuni zuwa Agusta, domin Marakesh kanta tana haura digiri 40, Merzuga kuma ta fi haka. Disamba da Janairu rana tana da daɗi, amma da dare sanyi yana sauka sosai, kuma cin abinci a fili cikin leshi ba zai yiwu ba sai da wuta da barguna. Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ko Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, su ne suka fi dacewa, ko da yake a watannin Maris da Afrilu iska mai ƙura takan taso, don haka ki tabbata akwai zauren da za a koma ciki idan ta taso ana tsakiyar taro. 

Ku ɗaura aure a gida kafin ku tafi. Duk da cewa mazhabarmu ɗaya da su, ta Malikiyya, aure a hukumance a Maroko sai a gaban adulai biyu, wato shaidun hukuma masu rubuta aure, tare da izinin alƙalin iyali, kuma takardun da ake nema daga baƙo ba abin da za a gama cikin kwana uku ba ne. A ɗaura a masallacin unguwa, waɗanda ba za su samu tafiya ba su shaida su ci goronsu, can kuma a yi lalle da walima. Masu fasfon Najeriya suna buƙatar biza, saboda haka kada ki bayar da adadin baƙi na ƙarshe sai kin ga wanda ya samu. Ki kuma gargaɗi mai hotonku kada ya ɗauko jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, domin ba a shiga da shi Maroko sai da izini, kuma kwastam suna riƙe shi a filin jirgi. Idan ana son hoton sama, a ɗauki ɗan ƙasa mai lasisi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa, shi ne sha'anin dillalan da suka cika Instagram da WhatsApp. Dabararsu ta farko ita ce su ɗora hoton tuddan Merzuga a kan tallan Agafay, su rubuta "Sahara, minti 40 daga Marakesh", alhali babu tudun rairayi irin wannan a wannan tazarar. Wanda ya fara miki da ƙarya a hoto zai ƙarasa da ita a lissafi. Wasu kuma ba su da wata alaƙa da otal ɗin da suke tallatawa, sun kwashi hotuna ne kawai, sai su matsa miki cewa wani iyali na neman ranar, ki turo kafin alƙalami yau yau zuwa asusun wani mutum. Akwai masu alkawarin bizar mutum talatin a dunƙule, su karɓi fasfo da kuɗi, daga nan waya ta daina shiga. Ki nemo lambar otal ɗin da kanki daga shafinsu, ki kira ki tambaya ko sun san wannan dillali, ki sa a zagaya da ke ta kiran bidiyo ki ga ɗakuna da banɗakuna da kicin a yadda suke a ranar. Kuɗi kuma asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin otal kaɗai za a tura, a ba ki rasit. Yarjejeniyar galibi da Faransanci take zuwa, don haka ki ba wanda ya iya harshen sosai ya karanta miki layi-layi, musamman wurin harajin kwana, da kuɗin hidima, da ƙarfe nawa ake kashe kiɗa, da abin da za a mayar miki idan an hana wasu baƙi biza ko an ɗaga ranar.

Idan da hali, ki tura mutum ɗaya daga cikin dangi ya kwana a otal ɗin daren Asabar kafin ki biya kaso na biyu, domin a daren ne ake jin ainihin ƙarar maƙwabta, a kuma ga ko ruwan zafi yana kaiwa asuba.