Jitar Baba a hannun Jamusawa

Yaya, sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ƙarin haƙurinmu? A gaishe mini da Mma, a ce mata maganin gwiwa yana hanya, na ba wani ɗan unguwar Asawase ta Kumasi da zai sauka Akra ranar Asabar. Da gangan na ƙi yin saƙon murya na zauna na rubuta wannan, domin in kun zauna da Malam kan rabon gado a karanta wa kowa, kada a wayi gari ana cewa borga, wato ɗan gida mazaunin Turai, ya kwashi kayan magada ya tafi Jamus ya yi shiru.

Ka tuna ranar addu'ar arba'in da aka sauko da jitar daga saman wadirof, a naɗe cikin tsohon zanen Mma. Kawu ya ce kayan kiɗa ba abin ajiyewa ba ne a gidan Alhaji, a ba yaron nan mai kaɗa wa coci a Oforikrom da ya taya sidi 1,500. Mma da har yau ba ta bar lissafin tsohon kuɗi ba tun canjin 2007 ta ce, "Miliyan 15 a kan katako? A ba shi kafin ya farka." Malam ne ya tare. Ya ce ba a raba abin da ba a san ƙimarsa ba, ko da allura ce. Wannan maganar ce ta ɗora mini kayan nan har Hambug.

Tun a Aboabo aka fara samun haske, ba mu sani ba. Da jitar ta ƙi shiga akwatina, ɗanka ya kawo sukuddireba ya kwance sukurori 4 da ke riƙe da wuyanta, muka naɗe wuyan daban, gangar jikin daban. A gindin wuyan, wurin da ke ɓoye cikin jiki, akwai wani hatimi na tawada da ya dusashe: 7 MAR 72 A. Na ɗauka lambar kafinta ce. Ashe takardar haihuwarta ce muke kallo.

To ga yadda abin yake a nan. A gida in kana da abin gyara sai ka saɓa shi ka nufi Alabar ko Adum, ka tarar da mai gyara yana shan koko, ya ajiye kofin ya duba maka, kuna hira yana tambayar mutanen gida. A nan sai ka fara neman abin da suke kira Termin, wato ranar da za a gan ka. Na buga wa wani dattijo mai gyaran jita a unguwar Altona, ya buɗe littafinsa ya ce in zo bayan mako 3, ranar Talata, ƙarfe 10 da rabi. Na ce masa dubawa kawai zai yi. Ya ce dubawar ita ce aikin. Euro 80 ne kuɗin dubawa da rubuta takardar ƙima, kuma in an shiga gyara, ana lissafi ne da sa'a, kamar mitar lantarki. Gaskiya raina ya sosu. Sai da na fito daga shagon na yarda ba a cuce ni ba.

Mutumin ya shimfiɗa bargo a teburi, ya ɗora mata kamar jaririya. Bai tambaye ni ko tana kaɗuwa ba. Gindin wuyan ya fara juyawa, ya haska hatimin, ya karanta mini shi kamar mai fassara allo. Lamba 7 a wurin kamfanin Fender alamar samfurin Jazz Bass ce, sai wata da shekara, Maris 1972, harafin A kuma yana nufin siririn wuya, inci ɗaya da rabi a sama. Daga nan ya ɗauki farantin ƙarfen da ke bayanta, mai babban harafin F a tsakiya da lamba mai alƙaluma 6 a samansa, wadda ta fara da 3. Ya ce wannan farantin mai F an yi amfani da shi daga ƙarshen 1965 zuwa 1976, bayan haka aka mayar da lambar kan goshin jita. Ya ƙirga sukurorin, ya gyaɗa kai, domin a tsakiyar shekarun 1970 sun koma sa 3 a wannan samfurin. Amma ya gargaɗe ni cewa faranti shi kaɗai ba shaida ba ne, kowa na iya kwance shi ya ɗaura wa wata. Kamfanonin Japan irin su Greco da Tokai sun yi kwaikwayon Fender a wancan zamanin, kwaikwayo mai kyau har ya ruɗi makaɗa, kuma ba a rasa mai liƙa wa irinsu sunan Fender a goshi ba. Ni kaina da wannan fargabar na je. Ka san Baba a Legas ya saye ta hannu na biyu, ba rasit ba shaida.

Sai ya buɗe wurin makunnan ƙara da rage sauti guda 3. Biyu daga ciki suna da lamba a gindi da ta fara da 137, alamar kamfanin CTS na Amurka, sai 71, shekarar da aka ƙera su, sai lambar mako. Wannan ya dace da wuyan da aka buga wa hatimi a farkon 1972. Na ukun ya ɗaga shi sama yana murmushi, ya ce wannan daga cikin rediyo aka ciro shi. Na ce ba shakka, na ma san rediyon.

Ya ba ni ɗan tarihi, kuma yana da amfani ku ji shi domin a nan ne kuɗin yake hawa da sauka. Leo Fender ya fito da jitar bes ta farko ta kamfaninsa a 1951 a garin Fullerton na Kalifoniya, Jazz Bass kuma ta biyo baya a 1960. A Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga wani kamfanin rediyo da talabijin na Amurka mai suna CBS a kan dala miliyan 13. Masu tara tsoffin jitoci sun ɗauki wannan shekarar kamar katanga: abin da aka yi kafinta shi ne zinariya, abin da ya biyo baya azurfa. Tamu azurfa ce. Kada wani ya leƙa Reverb, kasuwar kayan kiɗa ta intanet, ya ga ta 1962 da farashin gida a Kwadaso ya fara rabon fili a zuciyarsa.

Yanzu ga inda na ji ba daɗi, sannan daga baya na yi dariya. Jan fentin nan mai ƙyalli da muka tashi muna gani, wanda Baba ke gogewa da tsumma kowace Juma'a, ashe shi ne ya cinye kusan rabin kuɗinta. Dattijon ya nuna mini cikin ramin da wuyan ke zama, can ƙarƙashin jan akwai ragowar launinta na asali, mai rawaya a tsakiya, ja, sannan baƙi a gefe. Ya kankare ɗan ƙwaya da farce ya ce fentin mota ne. Na ce ai a Magazin, unguwar makanikai, aka fesa shi, wurin abokin Baba mai fentin motocin haya na tirotiro, lokacin da tsohon ya fara ɓarewa. Ya dafe kai. A nan, Yaya, ɓarewar nan ita ake saye. Inda gumin hannun makaɗi ya cinye fenti, inda bel ya goge bayanta, duk kuɗi ne. Har sabbin jitoci kamfani ke ƙerawa ya bi su da ƙarfe yana ƙwarzanewa don su yi kama da tsoffi, a sayar da su fiye da masu santsi. Ka faɗa wa mutanen Magazin wannan ka ji amsar da za su ba ka.

Mu a wurinmu abu mai daraja shi ne wanda ke aiki, wanda aka gyara ya koma kamar sabo. Su kuma abin da hannu bai taɓa ba suke nema, ko dalmar da aka ɗiga a waya tun masana'anta ba sa so a narkar. Na zauna na yi tunani, ban ga laifin Baba ba ko kaɗan. Mutumin da ya tafi Legas a 1977 da ƙungiyar hailaif lokacin da naira ke da ƙarfi, aka koro shi a Janairun 1983 tare da 'yan Gana kusan miliyan guda a zamanin Shagari, Bahaushe ɗan Bahaushe amma takardarsa ta Gana ce, ya dawo a bayan babbar mota rungume da wannan jitar, ya tarar da dokar hana fitar dare ta zamanin Rolins ta kashe wuraren rawa, ga yunwar 1983, ga haraji mai nauyi a kan kayan kiɗa na waje. Wane ne zai aiko masa da kayan gyara daga Amurka? Tsirkiya ma dafa ta yake yi. Kana tuna tukunyar da Mma ta hana a sake yi mata miya a ciki, wadda yake tafasa tsoffin tsirkiyoyi don dattin ya fita sautin ya dawo? Jiya na danna waya na yi odar saiti guda a kan Euro 28, yau da safe yana ƙofata, kuma doka ta ba ni kwana 14 in mayar in ban so ba. Wannan kam ba mu kai su ba, kuma ba kusa ba.

Amma akwai inda muka fi su, kuma da bakin Bajamushen na ji. Cikin maganaɗisun nan biyu masu ɗaukar sautin tsirkiya, ya auna da mita ya ga ɗaya bai yi daidai da ɗan'uwansa ba. Ya buɗe ya ga an sake naɗa masa waya da hannu. Na ce mai naɗa koyil ɗin fanka ne a bayan babban masallaci ya yi wa Baba, Allah ya jiƙansa shi ma. Dattijon ya ɗaura wuyan, ya sa sabbin tsirkiyoyi, ya jona amfilifaya, ya kaɗa na ɗan lokaci idonsa a rufe. Ya murɗa wannan ya saurara, ya murɗa wancan ya saurara. Sai ya ce na mai fankar ya fi masa daɗin kunne, sai dai a takarda dole ya rubuta shi a matsayin aibi. Ya ce da a nan ne mutumin yake, da shago gare shi da jerin masu jira na wata 6. Ni dai ƙwalla ce ta cika mini ido, domin tun ina firamare rabona da jin wannan sautin.

Na tambaye shi batun katakon fuskar wuyan, don an tsorata ni cewa kwastan na kama irinsa. Ya ce wanda aka tsananta a kansa tun 1992 na ƙasar Barazil ne, namu kuwa irin na Indiya ne, kuma tun ƙarshen 2019 an cire kayan kiɗa da aka riga aka ƙera daga neman izini a kan irinsa. Sai na tuna motocin madobiya da muke gani suna gangarowa daga arewa zuwa Tema duk da hanin gwamnati. Nan ana awon yatsa guda na katako da takarda, can ana kwashe daji.

Ga lissafin. Ya ce da ba a taɓa ta ba, a shago za ta iya kai wa Euro 5,000. Yadda take yanzu, da fentin Magazin da makunnin rediyo da naɗin mai fanka, ba akwatinta na asali, ya rubuta tsakanin 2,500 da 2,800 in na sayar da kaina na yi haƙurin jiran mai so. In shi zai saya yau ya biya nan take, 1,900. In kuma na bar masa ya rataye a shagonsa, zai cire kashi 20 cikin 100 ranar da ta fita. Na ce to a kankare jan a mayar mata da launin farko mana. Ya ce in ba shi Euro 700 zai yi, amma in sani sabon fenti sabon fenti ne ko wa ya fesa, kuɗin ba zai dawo ba. Mai gyara a gida da wuya ya kori aiki da bakinsa haka. Sai dai shi ma ai ya riga ya karɓi 80 ɗinsa.

Kada ku juya kuɗin zuwa sidi tun yanzu, ku bari sai ranar da aka sayar a duba canji. A cire Euro 80 na takarda da 28 na tsirkiya, rasit duka suna hannuna, kuɗin ƙarin kaya na jirgi kuma na yafe. Sauran Malam ya san aikinsa, tumunin Mma da rabon maza da mata.

Ra'ayina, in za ku ji, kada a ba shi a 1,900. In magada sun yarda, ni zan saya a kan 2,600, a cire rabona in turo muku saura kashi biyu kafin babbar salla. Ban iya kaɗawa ba, kuma na san abin da Kawu zai ce. In kuma kun ga akwai zargi a ciki, ɗan'uwa ya kai kaya an ƙimanta sannan ya saye da kansa, ba zan ji haushi ba, sai in sa ta a kasuwa in turo muku hoton tallan. Takardar dattijon da Jamusanci take, na ba wani malamin makaranta ɗan Nima ya fassara, zan haɗo da duka biyun. A yi sauri dai, domin zafin hita na ɗakunan nan yana busar da katako fiye da hunturunmu, har bakin ƙarafan wuyan sun fara tsinin kama yatsa.

Sauran abu ɗaya. Ya nuna mini ramukan sukuru a jikinta da babu komai a kansu, ya ce asalinta tana da murafu biyu na farin ƙarfe, babban yana da harafin F a doronsa, kuma yawancin makaɗa cire su suke yi su yar saboda suna tare hannu. In aka same su na asali, farashin zai ɗan motsa. Yaya, don Allah ka shiga madafin Mma ka duba ƙarfen nan mai lanƙwasa da take ɗebo garwashi da shi zuwa kaskon turare. In ka ga F a bayansa, kada a wanke shi da yashi, kada a goge shi da toka. A naɗe shi yadda yake, da baƙinsa, a ba ɗan Asawasen in zai dawo.