Birkin keken dutse aka sayar mini, na ɗaura wa keken titi

Har yau in na tuna gangarar nan gabana faɗuwa yake yi. Doguwa ce, da kwana a ƙarshenta. Na matse hannun birki duka biyu har suka dangana da kan keke, keken yana rage gudu, amma irin ragewar da ba ta tsayar da mutum. Na saki na sake matsawa, babu canji. Da ƙafa na ƙarasa tsayawa, na ja ta a ƙasa har tafin takalmina ya ɗaye ta gefe guda, na faɗa cikin ciyawar bakin hanya. Allah ya sa babu mota a kwanar. Kwanan birkin nan 9 kacal a jikin keken.

Kekena na titi ne, mai lanƙwasasshen kai, irin wanda hannun birki da na giya suke haɗe. Birkin faifai da ya zo da shi, wato mai cizon faifan ƙarfe da ke tsakiyar wili, ya gaji, sai na nemi sabo mai waya, ba mai aiki da mai ba, don waya in ta tsinke ni da kaina zan canza ta. Kafin in biya sai da na rubuta wa mai sayarwa na tambaye shi ko zai yi da keken titi. Amsar da ya ba ni tana nan ban goge ba: “Duk ɗaya ne, in dai noti ya shiga.” Noti kuwa ya shiga lafiya lau, domin a firam ɗin kekena mazaunin birki mai tazarar milimita 74 ne tsakanin kusoshi biyu, irin wanda kekunan dutse suke amfani da shi. Wannan shigar notin ita ta rufe mini ido.

Tun ranar da na ɗaura na ji hannun ya yi laushi, kamar ana matsa soso. Na ɗauka sabunta ce. Na matso da takalman birkin, wato ɓangarori biyun da ke matse faifai, dab da faifan har suna ɗan gogarsa, sai ya riƙa kamawa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ban ga matsala ba. Ashe da waya ta ɗan saki, takalman suka ɗan ci, 'yar ragowar tazarar da nake dogaro da ita ta ƙare, ni kuwa ban sani ba sai a tsakiyar gangara.

Turo keken na yi zuwa wurin wani dattijo mai gyara. Bai ko ɗauki alanki ba. Ya matsa hannun birkin sau biyu, ya sunkuya ya dubi gidan birkin da ke cizon faifai, ya ɗago ya ce, “Ɗana, wa ya haɗa maka wannan da wannan?” Na ce, “Ni ne, Baba, amma mai sayarwa ya ce duk ɗaya ne.” Ya ce, “Bai taɓa sauka gangara da shi ba shi ya sa.” Ya sa ni na riƙe waya da yatsu biyu ya matsa hannun kekena, sannan ya kai ni kan wani keken dutse da ke jingine ya yi haka nan. Gani ya kori ji. Wayar keken dutsen ta yi tafiya kusan ninki biyu na tawa.

A nan duk maganar take, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Hannun birkin keken titi waya kaɗan yake ja, amma da ƙarfi. Na keken dutse, tun da kamfanin Shimano ya fito da birkin V, mai cizon gefen wili, a tsakiyar shekarun 1990, waya mai yawa yake ja da ƙarancin ƙarfi, kuma da birkin faifai mai waya ya zo sai aka gina na dutse a kan wannan dogon jan. A cikin gidan birkin akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke hawa wata 'yar gangara idan waya ta juya hannun gidan, hawan nan ne yake tura takalmi zuwa faifai. A na titi an tsara shi yadda ɗan jan waya zai kai takalmi inda ya kamata. A na dutse kuwa sai an ja da nisa. To ni na ba wa mai bukatar dogon ja gajeren ja, hannu yana ƙarewa tun takalmi bai gama cizo ba. Dattijon ya ce in aka yi akasin haka, wato gidan birkin titi da hannun keken dutse, hannun zai yi tauri kamar itace, mutum ya ji daɗi ya ɗauka birki ya yi kyau, alhali ƙarfin da ke isa faifai kaɗan ne, sai ka matse har yatsu su yi tsami kafin ka tsaya. Ya ce shi wannan ya fi ba shi tsoro, don ba ya nuna kansa a tsaye.

Na tambaye shi ko in na sa babban faifai abin zai gyaru, in tashi daga mai faɗin milimita 160 zuwa 180. Ya ce babban faifai yana ƙara ƙarfi, amma ba zai ƙara wa hannu tsawon ja ba, kuma da yawan ƙafafun gaba na keken titi ba a yi su don abin da ya wuce 160 ba. Su 180 da 203 na masu sauka duwatsu ne.

Kamfanonin da suka san abin da suke yi ba sa ɓoye wannan bambanci. Avid yana da birki mai suna BB7 iri biyu, ɗaya na titi ɗaya na dutse, kowanne da sunansa. TRP ma ya raba su, Spyre na titi, Spyke na dutse. Nawa kuwa babu komai a kwali, babu a takardar ciki, a jikin ƙarfen ma ban ga alamar da za ta ce mini hattara ba. Cinikin biri a sama na yi, na yarda, amma ai na tambaya. Da na koma wa mai sayarwa da bayani, cewa ya yi an riga an ɗaura, ba ya karɓar kayan da aka yi amfani da su. Na tura masa hoton amsarsa. Ya karanta, bai sake cewa uffan ba.

Dole na sake sayen wani, na titi wannan karon, mai tura takalma biyu lokaci guda. Dattijon ya kuma sa na canza rigar waya zuwa irin wadda ba ta matsewa idan an ja, ya ce a keken titi wayar baya doguwa ce, tana bi ƙarƙashin naɗin kai tana lanƙwasa, kuma mai ɗan ja ba shi da abin da zai yi asara a hanya. Na koma gangarar nan da gangan. Da yatsu biyu na tsaya, hannu bai kai rabi ba.

Shi kuma wancan, da na so in jefar, ƙanena ya roƙa ya ɗaura a kekensa na dutse. A nan ne ya ba ni mamaki. Na hau na gwada, wallahi kamar ba shi ba. Yana kamawa tun daga farkon matsi, yana ƙaruwa a hankali yadda kake so, in ka ƙara ƙarfi tayar baya ta tsaya cak. Ranar har na ce a raina na zalunci birkin nan, laifin duk na wanda ya sayar mini ne. Da a ranar na rubuta wannan sharhi da taurari huɗu zan ba shi.

Amma wata biyu ke nan yanzu, kuma ni nake gyara wa yaron, don haka na ƙara saninsa. Takalmi ɗaya ne kawai yake motsi, na waje, shi yake tanƙwara faifai ya kai shi kan na ciki da ke tsaye. Wannan tsari ba sabon abu ba ne, birkuna da yawa haka suke, sai dai yana bukatar a riƙa matso da na ciki yayin da yake ci. A wannan kuwa notin matsowar yana can ta bayan gida, sai ka zura alanki ta tsakanin wayoyin wili, ga shi ba ya yin ƙas-ƙas ɗin da zai nuna maka nawa ka juya. Ka juya kaɗan hannu ya yi nisa, ka ƙara kaɗan faifai ya fara shif-shif. Kusan duk mako biyu sai mun zauna a kansa. Takalman da ya zo da su ma masu laushi ne, ruwan sama biyu da laka suka cinye rabinsu, in sun jiƙe kuma ga kuka kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Mun sa masu haɗin ƙarfe, sun fi daɗewa, kukan dai yana nan.

Kuma duk lokacin da na tsuguna ina juya notin nan sai kwalin ya dawo mini a rai. Kalma biyu ce fa za a buga a jiki: “keken dutse”. Da an buga, da ban saya ba, da ban sauka gangarar nan da birkin da ba zai iya riƙe ni ba. Taurari biyu na ba shi, kuma biyun nan don yadda yake aiki a keken ƙanena ne. Makon jiya wani abokina mai keken titi ya turo mini tallar wannan birki daga shagon mutumin nan yana tambaya ko ya saya. Na duba, har yanzu a rubuce yake cewa yana yi da kowane irin keke.