Cip ko kwala mai GPS, wanne ya fi tsare kare?

Mutane da yawa sun ɗauka in an sa wa kare cip shikenan za ka riƙa ganin inda yake a wayarka, wallahi ba haka bane. Cip ɗin bai wuce ƙwayar shinkafa ba, likitan dabbobi ke tura shi da allura ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, ba batir ba GPS, lambobi 15 ne kawai a ciki, sai wanda ya tsinci karen ya kai an ɗora masa sikana a duba rajista a kira ka. In ka canza layi baka gyara rajistar ba kuwa, aikin banza.

Ita kwala mai GPS, wadda ake ɗaura masa a wuya, nan take za ta nuna maka lungun da ya shiga, amma fa sai caji, ga kuɗin wata, kuma ita ɓarawo zai fara tsinkewa ya wurga a kwata. Cire cip kam sai tiyata. A Ingila tun 2016 sa cip dole ne ga karnuka, kyanwa kuma daga Yunin 2024, tara har fam 500. Ni dai in ɗaya ne cip zan ɗauka, muddin akwai asibitin dabbobi mai sikana kusa.