Motar zagaya gari a Nashville: ta safe ta biya, ta yamma sai haƙuri

Maigida ne ya dage sai mun je Nashville, cibiyar kiɗan kantiri a jihar Tennessee ta Amurka. Tun kafin aurenmu yake jin kiɗan kantiri, ni kuwa iyakar sanina da shi, mutum da malafa da jita yana kukan masoyiya ta guje shi. Yini ɗaya tak gare mu, sai muka yanki tikitin motar nan mai yawo da baƙi, wadda kake sauka inda ka ga dama, ka hau ta baya idan ta iso.

Direban safe kaɗai ya ci rabin kuɗin tikitin, kuma halak malak. Dattijo ne mai baki, yana tuƙi yana zuba labari ta lasifika. A bakinsa na ji cewa Grand Ole Opry shirin rediyo ne da ya faro a 1925 a tashar WSM, har yau bai tsaya ba. Ya ratsa da mu Music Row, inda wasu ɗakunan ɗaukar waƙa suke cikin tsofaffin gidajen zama, ya nuna mana RCA Studio B, wani ɗan gini da ba za ka kalla sau biyu ba, alhali a ciki shahararren mawaƙi Elvis Presley ya ɗauki waƙoƙi sama da 200.

A Ryman, wani tsohon zauren kiɗa, muka fara sauka. Kuɗin shiga daban ne, tikitin mota bai ɗauke shi ba, amma ban yi da-na-sani ba. Gini ne na jan bulo, daga waje ka rantse coci ne, kuma ba ka yi kaffara ba: don wa'azi aka buɗe shi a 1892. Thomas Ryman, mai jiragen ruwa a kogin Cumberland, shi ya tsaya aka gina bayan wa'azin wani Sam Jones ya ratsa shi. Har yanzu bencinan katako ne masu lanƙwasa, babu ko soso. Na shafa bayan ɗaya, sumul kamar an goge da mai, tsabar hannayen da suka bi ta kansa. Nan Opry ta zauna daga 1943 zuwa 1974, da za su tashi kuma suka yanki wani ɓangare na katakon dandamalin, aka dasa shi a tsakiyar dandamalin sabon gidansu. Maigida ya hau bene, ya tafa hannu sau ɗaya, ya yi kasaƙe.

"Hajiya, kin ji yadda sautin ya dawo?"

"Na ji, Alhaji. Rana fa tana yi."

Sai da muka ƙara rabin awa.

Parthenon da ke Centennial Park minti 20 ya ishe ni. Kwafin wani tsohon ginin Girka ne, girmansu ɗaya, an fara tsayar da shi a 1897 don bikin cikar jihar Tennessee shekara 100. A ciki akwai gunkin Athena, abar bautar Girkawan da, mai tsawon kusan ƙafa 42, an lulluɓe shi da zinare. Na ɗaga kai har wuyana ya sage, na fito.

To, daga nan motar ta fara nuna hali. Biyu suka wuce mu maƙil, ga zafi mai ɗanko, ga ba inuwa a wurin jira. Mun kusa minti 40 a tsaye. Direban da ya kwashe mu kuwa hadda kawai yake biyawa, ko numfashi ba ya canzawa. Ashe kuma motar ƙarshe tun da sauran rana take tashi. Da zan sake, ta safe zan hau, in zauna daram har ta gama zagaye ɗaya, sauran in taka da ƙafa, tunda tsakiyar garin duk kusa da kusa ne.

Da ƙafar muka bi titin Broadway. Mashaya ce jere da mashaya, kowace da makaɗanta, ƙara kamar za ta tsaga kunne. Mu da ba mu da abin sha a ciki, bakin ƙofa muka tsaya. Ba a karɓar kuɗin shiga, makaɗan da bokitin kyauta suka dogara. Kazar garin mai yaji kuma, ku tambaya kafin ku ci, don wasu da kitsen alade suke kwaɓa barkonon.

Maigida ya leƙa ya jefa dala biyar a bokitin wata yarinya mai goge, ta ɗaga masa malafa ba tare da ta daina kiɗa ba. Har muka isa masauki yana ba ni labarin, sai ka ce ba a gabana aka yi ba.