Sikelin Kicin da Ganyen Kale: Abin da Na Gani Bayan Wata Huɗu

Ban taɓa zaton zan ɗora ganye a kan sikeli ba, domin mun tashi muna ganin iyayenmu mata suna zuba alayyafo da zogale da ido, miya kuma ta fito daidai. Rashin lafiyar Baba ce ta sauya mini ra'ayi. Likita ya ɗora shi a kan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa, ya kuma bayyana mana cewa bitamin K, wanda ganyen kale (wani ganye dangin kabeji) yake ɗauke da shi da yawa, yana rage ƙarfin maganin. Bai hana shi cin ganyen ba, amma ya gargaɗe mu kada yawan abin da yake ci ya riƙa hawa da sauka daga mako zuwa mako. Baba kuwa ya riga ya saba da ganyen tun lokacin da muka fara saye a wurin masu kayan lambu na Jos, saboda haka na sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir, wanda yake ɗaukar har kilo 5 yana kuma nuna awo giram bayan giram.

Abu na farko da sikelin ya nuna mini shi ne cewa ɗauri ba ma'auni ba ne. A wurin mai sayarwa guda, a kan kuɗi guda, na auna ɗauri mai giram 190, mako na gaba kuma na auna mai giram 410. Kofi ma bai fi ɗauri gaskiya ba, domin yankakken ganyen da na zuba a kofi sako-sako bai wuce giram 20 ba, amma da na danna shi da hannu sai ya kusa 60. Wannan ne ya sa yanzu nake neman girke-girken da suka faɗi nauyi, kuma idan na Amurka ne mai lissafi da fam, sikelin yana da maɓallin sauya ma'auni, ko kuma in tuna cewa fam ɗaya giram 454 ne.

Sai dai lokacin da aka yi awon yana da muhimmanci kamar awon kansa. Jijiyar tsakiyar ganyen tana da kauri da tauri, ba ta shiga tukunyata, kuma a nau'in kale mai nannaɗadden baki ta kan kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin: giram 300 da na saya ya koma 195 bayan na tsinke. Ruwan wanki ma yana maƙalewa a lungunan ganyen ya ƙara masa nauyin ƙarya. Don haka na tsayar da ƙa'ida guda, wato in tsinke, in auna, sannan in wanke. Maɓallin da aka rubuta TARE a jikinsa, wanda yake mayar da awo sifili bayan an ɗora roba, shi ne abin da na fi amfana da shi, domin ba sai na yi lissafin cire nauyin mazubi ba.

Game da zaɓen nau'i, uku na gwada, kuma ban ɗauke su daidai ba. Mai nannaɗadden bakin shi ya fi samuwa, yana cika roba alhali ba shi da nauyi, kuma yana da ɗan ɗaci da tauri, don haka sai na sulala shi na mintuna kaɗan na matse kafin in yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, inda yake riƙe garin ƙulin fiye da zogale. Na biyu shi ne mai dogon ganye mai duhu da kaushi, ɗan asalin yankin Tuskani na Italiya, wanda can suke kira cavolo nero suna kuma sa shi a miyarsu ta wake da burodi. A ganina shi ne ya fi dacewa da miyar ganyenmu, domin yana jure wuta, ba ya narkewa kamar alayyafo, yana karɓar manja da daddawa, kuma asarar jijiyarsa ba ta kai ta na farkon ba. Giram 400 na tsintaccensa yana isar mu mu shida a miyar tuwo, alhali da alayyafo ne sai na kusa ninka hakan. Na ukun, mai jan jijiya da ake dangantawa da Rasha, yana da laushi har a ci shi ɗanye, amma yana saurin yaushi, kuma sau biyu kawai na same shi. Na kuma lura cewa ganyen hunturu ya fi na lokacin zafi daɗi da ƙarancin ɗaci.

Sikelin yana da nasa aibu. Farantinsa ƙarami ne, ganye kuwa yana buƙatar babbar roba, wadda take rufe allon lambobi har sai na sunkuya. Na magance hakan da kife ƙaramin kwano a ƙarƙashin robar. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda yake kashe kansa bayan kamar minti biyu, ina tsakiyar tsinke ganye, ya manta nauyin robar, in sake farawa. Haka kuma ban amince da shi a kan abin da bai kai giram 5 ba, kamar gishiri, kuma dole a ajiye shi a wuri mai shimfiɗa nesa da danshi.

Duk da haka ban yi nadamar sayensa ba, kuma zan ba duk mai jinyar irin ta Baba shawarar ya mallaki ɗaya bayan ya tattauna da likitansa. Yanzu rabon Baba daban nake aunawa, a kan adadin da muka tsayar a asibiti, in dafa shi a ƙaramar tukunya, in rubuta ranar da nauyin a littafin da muke tafiya da shi duk ranar gwajin jini.