Shagon tura fim na bakin tasharmu, da aikin Tina Fey da ya kawo min

Masu tambaya ina nake samun shirye-shiryen barkwancin Amurka alhali a garinmu sai ka hau tudu kafin sabis ya kawo, to a shagon tura fim ɗin nan ne na bakin tasha in za ka fita hanyar Gumel, inda ake cajin waya da sola. Yaron shagon Indiya-Hausa da na Kannywood ya fi turawa, amma in ka rubuta masa suna a takarda, ranar da ya shiga Kano zai kwaso maka a kwamfutarsa, kuma ba ya tsawwala kuɗi gaskiya.

Ni 30 Rock na ce ya nemo min, na Tina Fey. Abin da ya sa matar nan take burge ni, ba a hannu ake miƙa mata abin da za ta faɗa ba, ita ke rubutawa. Ta taso ne a gidan wasan Second City na Chicago inda ake hawa dandamali a ƙirƙiro wasa nan take, a 1997 ta shiga Saturday Night Live, shirin barkwanci na talabijin ɗin Amurka, a matsayin marubuciya, zuwa 1999 ta zama shugabar marubutan, mace ta farko da ta riƙe kujerar. A 2006 ta tafi ta kafa nata, 30 Rock, ta fito a Liz Lemon, shugabar marubutan wani shirin talabijin da ke fama da rigimar 'yan wasa da ogan kamfani, wato dai wahalar aikinta ta juya ta zama abin dariya, haka aka yi zango 7 har 2013. Yaron har gyara ya yi min, ya ƙara min bidiyon da take kwaikwayon Sarah Palin, 'yar takarar mataimakin shugaban ƙasar Amurka a zaɓen 2008, wallahi da gilashin da muryar sai ka rantse ita ce.

Inda ya ɓata min rai, rabin abin babu rubutun ƙasa. Barkwancinta duk a baki yake, magana kan magana da sauri, ba irin na marigayi Ibro ba da ko ka kashe murya fuskarsa kaɗai ta isa ta sa ka dariya, to in babu rubutu sai dai ka yi ta mayarwa baya. Ga shi ya cakuɗa su, kana cikin zango na 2 sai ka ga na 5 ya faɗo. Da na koma dai ya ce "yi haƙuri yaya", ya zauna ya jera min su bai karɓi ko sisi ba.

Amma memorin da yake sayarwa kar ka saya, sai ya nuna ya cika ka je gida ka buɗe rabi ba ya tashi. Je da naka, kuma ka ce ya kunna maka ɗaya ka ga rubutun kafin ka biya.