Jitar da ake ƙerawa da hannu a Legas: sauti akwai, amma dila ke kwana da asara

A layin masu kayan kiɗa na kasuwar Alaba International da ke Ojo, yawancin jitar da ke rataye ta kamfani ce, wadda ta sauka daga kwantena, galibi daga Sin ko Indunusiya. Nan da can kuma akan ci karo da ta hannu, wadda masu sana'a ke ƙerawa ɗaya bayan ɗaya a ƙananan wuraren aiki. A kan wannan ta biyun za mu yi magana, musamman mai tsarkiyar ƙarfe wadda ba ta buƙatar lantarki, domin ita ce 'yan uwanmu diloli ke sha'awar ɗauka, wasu su sayar a nan, wasu su tura Kano, Kaduna, Jos, har Nijar.

Idan aka dace da mai kyau, ta fi jitar kamfani mai araha nesa ba kusa ba. Fuskarta katako ne zalla, ba filawud ba, don haka sautin yana buɗewa, yana daɗewa kafin ya mutu. Katakon gefe da baya ma ba abin rainawa ba ne: madaci da sapele, wanda ya ci sunan garin Sapele na jihar Delta, su ne manyan kamfanonin Amurka ke saye daga Afirka su yi jita mai tsada da su. Hannun masu aikin nan ya iya sassaƙa. Inda gizo ke saƙa shi ne jita biyu daga hannun mutum ɗaya, a wata ɗaya, ba sa fitowa iri ɗaya, kuma ba a auna su kafin su bar wurin aiki.

Babbar cutar ita ce damshi. Kamfanonin jita suna busar da katako har ruwan jikinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, sannan su haɗa jitar a ɗakin da damshin iskarsa ke tsakanin kashi 45 zuwa 55. A Legas, da damina, damshin iska yakan wuce kashi 80, kuma katakon da ya zauna a irin wannan iska ruwan jikinsa yana tsayawa wajen kashi 15 zuwa 16 komai daɗewar da ya yi a rumfa. Wanda aka ɗauko kai tsaye daga wurin masu tsaga katako ma ya fi haka jiƙa. Mai aiki zai ce maka katakonsa ya shekara yana bushewa, kuma gaskiya ya faɗa, amma bushewar Legas ce. Muddin jitar na nan Legas tana iya zama lafiya. Ranar da ta isa Kano a watan Janairu, lokacin da hunturu ke saukar da damshi ƙasa da kashi 20, ruwan katakon zai nufi kashi 5. Faɗin fuskar babbar jita wajen milimita 400 ne, kuma wannan bushewar na neman ta tsuke shi da milimita 5 ko fiye. Gefuna a manne suke, babu inda katakon zai matsa, sai ya tsage, yawanci daga bayan jaki (katakon da tsarkiyoyi ke kafewa a kai) zuwa ƙasa ko kan layin da aka haɗa ɓarin fuskar biyu. Kafin tsagewar akwai alamu: fuskar ta lotsa, tsarkiyoyi su sauko suna karo da firet, wato siraran ƙarfunan da ke jere a gicciye a wuyan jita, bakin ƙarfunan firet kuma su leƙo daga gefen wuya suna yankar yatsa, saboda allon yatsu ya tsuke alhali ƙarfe bai tsuke ba. Ko a Legas ɗin, ɗakin rikodi ko coci mai kwana da na'urar sanyaya ɗaki na iya yi wa jita irin wannan aika-aika a hankali.

Abin lura, jitar da aka haɗa a busasshiyar iska aka kawo ta cikin damshi kumbura kawai take yi, fuskar ta ɗan taso, tsarkiya ta yi nisa, kuma ana iya gyarawa. Wadda aka haɗa a jiƙe aka kai ta busasshen wuri ita ce ke fashewa. Shi ya sa mai ƙera jita a Legas ya fi na ko'ina buƙatar ɗaki rufaffe da na'urar tsotse damshi da ƙaramar mitar auna ruwan katako. Mun san halin wuta da kuɗin man janareta, ba ƙaramin nauyi ba ne a kan mai ƙaramin jari. Amma ko akwatin katako mai ƙwan lantarki a ciki, wanda fuska da baya da haƙarƙarin jita (siraran katakon da ke tallafe su daga ciki) za su yi mako biyu kafin a manna su, yana rage ɓarnar sosai. Wanda ba shi da hali, ya tara aikin manna fuska zuwa Disamba da Janairu.

Na biye da damshi shi ne jaki, katakon da ke manne a fuskar jita inda tsarkiyoyi ke kafewa. Tsarkiyoyi shida masu kaurin da ake kira 12 zuwa 53, suna jan wannan ɗan katako da ƙarfin da ya kai kilo 70 da ɗoriya, dare da rana. Hanyar manna shi ɗaya ce: a kankare fentin wurin har a kai ga tsuran katako, a daidaita ƙasan jakin da ɗan doron fuskar, a shafa gam na katako mai bushewa da tauri, a matse da ƙarfen matsi ta ramin sauti, a bar shi awa 24 kafin a ɗaura tsarkiya. Abin da ke faruwa a aikin gaggawa shi ne a manna shi a kan fenti, ko a bar zoben fenti mai faɗi a ƙarƙashinsa. Gam bai kama katako ba ke nan, fenti ya kama. Wasu kuma da farin gam na kujeru suke aiki, wanda ke saki kaɗan-kaɗan idan zafi da nauyi suka haɗu masa. Gwajin mai sauƙi ne: a tura kusurwar takarda ƙarƙashin bayan jakin. Idan ta shige fiye da milimita 2 ko 3, ya fara ɗagowa. Haƙarƙarin ciki ma haka, a ƙwanƙwasa fuskar da bayan yatsa, inda ya saki za a ji ƙara irin ta fasasshiyar ƙwarya.

Sai kusurwar wuya, kuma wannan ne aibin da ya fi cin kuɗi. A ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan firet, a zura ta har ta isa jaki. Ya kamata bakinta ya sauka daidai kan saman katakon jakin. Idan ta buga ƙasa da saman da milimita 2 ko fiye, wuyan ya sunkuya. Masu aiki kan ɓoye wannan ta hanyar goge ƙashin jaki, wato siririn ƙashin da tsarkiyoyi ke hawa a kan jakin, har ya kusa nutsewa, don tsarkiya ta sauko. A shago jitar za ta yi laushin bugawa, amma bayan wata shida, da fuskar ta ɗan taso kamar yadda kowace sabuwar jita ke yi, babu sauran ƙashin da za a rage. Sabuwar jita ya kamata ƙashinta ya leƙo da kusan milimita 3, nisan babbar tsarkiya daga firet na 12 ya zama wajen milimita 2.5, na ƙaramar kuma wajen 2. Gyaran wuyan da ya sunkuya sai an cire shi daga jiki. Idan da kusoshi masu juyawa aka ɗaure shi, aikin yini ne. Idan kuwa da gam mai haɗi biyu aka zuba, wanda tururin da ake cire wuya da shi ba ya narkarwa, kuɗin gyara na iya kusan kamo kuɗin jitar. A ra'ayinmu, ƙaramin wurin aiki ba shi da dalilin ƙin wuya mai kusoshi.

Rodin ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake saita miƙewar wuyan da shi, shi ma a gwada shi kafin a biya. A sa alanki, a juya rubu'in zagaye, a duba ko wuyan ya amsa. Ana samun wanda gam ya kwarara ya daskarar da shi, da wanda aka riga aka ɗaure har ƙarshe don a miƙar da karkataccen wuya. Idan aka danne tsarkiya a firet na 1 da na 14, ratar da ke tsakaninta da firet na 7 bai kamata ta wuce milimita 0.3 ba, kusan kaurin katin kasuwanci.

Maganar awon firet lissafi ne tsantsa, babu ƙiyasi a ciki. Idan tsawon tsarkiya milimita 648 ne, firet na farko yana milimita 36.4 daga ƙashin wuya (wanda tsarkiyoyi ke hawa a kusa da kan jita), na 12 kuma yana 324 cif. Ana raba abin da ya rage da 17.817 a kowane mataki. Ƙashin jaki kuma ba a daidai 648 ake kafa shi ba, ana ja da shi baya kusan milimita 2 a ɓangaren ƙaramar tsarkiya, ya ɗan fi haka a ɓangaren babbar, saboda danna tsarkiya yana ƙara mata ɗauri. Wanda ya kwafi awon daga tsohuwar jita da tef ɗin tela zai kauce da milimita ɗaya a nan, ɗaya a can. Mai koyo ba zai ji ba. Mai buga wa coci ko ƙungiyar haylaif, wanda ke tafiya tare da mai fiyano, zai ji a ranar farko, domin da ya haura tsakiyar wuya sautinsa zai bar na 'yan uwansa. Da na'urar saita sauti ta waya ma ana ganewa: a buga tsarkiya ba tare da an danne ta ba, sannan a buga ta a firet na 12, allurar ta tsaya wuri ɗaya.

Fenti ba za mu daɗe a kansa ba. Feshi a ranar ruwa yana kama damshi ya yi fari-fari kamar hazo, wanda aka goge kafin ya yi makonni yana bushewa kuma yakan ɗauki shatin jaka. Muni ne ga ido, ba ya kashe jita, amma yana karya farashi.

To duk wannan a kan wa yake sauka? A kan dila. Mai saye bai san wurin aikin ba, shago ya sani, kuma dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba shi damar mayar da kaya mai lahani ga wanda ya sayar masa. Rubuta “ba a dawo da kaya” a rasit ba ya kare kowa. Dila ya riga ya ba da kafin alƙalami tun kafin a yanka katako, ya jira watanni, ya biya haya. Jitar ta dawo, ya mayar wa mai saye kuɗinsa ko ya musanya masa, ya ɗauke ta zuwa wurin mai ƙerawa, shi kuma ya ce ajiyar shago ce ta lalata ta. Babu lamba a jikinta, babu ranar da aka gama ta, babu takardar awo, ba mai iya tabbatar da komai. Ko ya amince zai gyara, sabon aiki mai kawo kuɗi ne a gabansa, na gyara sai ya kwanta. Jarin da ya kamata ya juya sau biyu ko uku yana rataye a bango.

Akwai asarar da ba ta shiga littafi. Da jitar kamfani, mai saye ya gwada ta nuni, a ba shi ta cikin kwali, hankali kwance. Da ta hannu ba a yin haka, kowace sai an buɗe, an auna, sau da yawa an biya mai gyara ya daidaita firet ya sake ƙashi kafin a rataye, kuma daga ribar dila ake cire wannan. Wanda ke tura kaya Arewa ya fi kowa shan wuya, domin aibin damshi ba ya nunawa sai hunturu ya kama, watanni bayan an gama ciniki, ga kuma tafiyar kusan kilomita 1,000 tsakaninsa da kayan. Masu kiɗa kuwa sun san juna, suna da zaurukansu na WhatsApp, hoton jita guda da ta tsage ya isa ya hana shago ciniki, kuma sunan shagon ake ambata.

Adalci ne a ce diloli ma suna da nasu laifin. Jitar da ke rataye bakin ƙofa tana shan ranar la'asar, ko wadda aka cusa cikin but ɗin mota ko saman lodin tirela da tsarkiyoyinta a ɗaure tam, ko gam mai kyau sai ya yi laushi. Kafin doguwar tafiya a sassauta tsarkiyoyi, a tallafe kan jitar da tsumma ko takarda a cikin akwati. Wanda zai karɓa a Kano ya ajiye ta a akwatin da ɗan soso mai laima cikin roba mai huji duk tsawon hunturu.

Muna ganin ya dace a ci gaba da sayen jitar hannu, amma da sharaɗi a rubuce. Kowace ta zo da lamba da watan da aka manna fuskarta a takardar da ke cikin ramin sauti, da awonta guda huɗu: nisan tsarkiya a firet na 12, ratar wuya, tsawon ƙashin jaki, da ruwan katako ranar haɗawa. Dila ya riƙe wani kaso na kuɗin har jitar ta yi mako biyu a shago da tsarkiyoyinta a ɗaure yadda ake bugawa, domin yawancin jakin da zai ɗago da wuyan da zai motsa a wannan tsakanin suke fara nunawa. A rubuta wa'adin gyara, da wanda zai biya kuɗin mota idan kaya ya dawo daga nesa. Wadda aka haɗa tsakanin Mayu da Oktoba ba tare da ɗakin busarwa ba, a sayar da ita a Legas, Fatakwal ko Kalaba, kada a sa ta a motar Arewa ko da mai saye ya ƙara kuɗi.